Tambayoyin Dakta Inno

Shekara goma sha tara ina riƙe mata jaka,
daga Runjin Sambo har ƙauyukan bayan Kware,
a wata tsohuwar Fijo da sai an tura take tashi.

Takardar farko daga ƙetare ta zo mana.
Ta ce a ba tsoho alƙalami ya zana agogo.
Bawa majemi ya dubi alƙalamin, ya dube mu,
ya ce, "Ɗiyata, agogona inuwar bangon ga ta."
Takarda ta ce Bawa ya faɗi.
Dakta Inno ta ce takarda ce ta faɗi.

A daren ta shimfiɗa tabarma, fitila na tara ƙwari,
ta soma ɗinka nata:
Raka'a nawa ce magariba?
Wace rana kasuwarku ke ci?
Ka kai fata bakwai, an sayi uku, nawa za ka koma da su?
Jero mini jikokinka, fara daga babba.

Suka cika goma.
Ta auna su a kan tsofaffi dubu biyu da ɗoriya,
ni ina rubutu, gumin bazara na wanke mini tawada.

Kafin ita, sunan abin gigin tsufa,
a yi dariya, a wuce.
Wasu su ce sammu, wasu su ce iska.
A Dundaye mun tarar da Tumba a bayan kwaɗo,
don kullum takan nufi gulbi neman uwarta
da ƙasa ta rufe tun kafin a haifi mai kulle ta.
Dakta ba ta ɗaga murya ba.
Ta durƙusa, ta zana wa ɗan rumbu a ƙasa da tsinke,
ta ce, "Gara ce ta shiga.
Hatsin bana take fara ci,
na da can yakan jima.
Uwarka ba ta haukace ba, rumbunta ne ke zuba."
Da yamma aka cire kwaɗon.

An ce sunanta ya cika mujallu,
masana a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba
suna ambatonta, na'ura na ƙirga sau nawa.
In na kawo mata adadin, sai ta ce,
"Sanda, ƙirgo mini kwaɗunan da aka cire."
Ɗalibanta sun yi furfura a asibitoci,
ɗaliban ɗalibanta na yin tambayoyin nan
ba su san bakin da ya fara furta su ba.

Bara ta ajiye makullin mota a cikin randa.
Ta kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu.
'Yarta ta bugo waya, muryarta a shaƙe:
"Baba Sanda, ka zo da takardar."

Na isa Mabera bayan la'asar.
Tana ƙarƙashin dogon yaro, tana tsince shinkafar da aka riga aka tsince.

Raka'a nawa ce magariba?
"Uku."
Wace rana ce yau?
Ta dubi tire.
Jikoki, ta kawo biyu,
na uku ya maƙale mata a harshe.
Na yi sauri zan tsallake, don idona ya cika,
sai ta cafke wuyan hannuna:
"Yaro, wa ya koya maka aiki?
Ba a gaggauta tsoho.
Ƙirga goma a zuci kafin ka wuce."

Shafi na huɗu ne, layi na biyu.
Ina wurin ranar da ta rubuta shi.

Na ƙirga.
A kan takwas ta ce, "Ramatu."

Huɗu cikin goma na rubuta, hannuna na rawa.
Ta leƙo takardar, ta bi layukan da yatsa,
ta ce, "Tambayoyin nan da hankali. Wa ya tsara su?"
Na ce, "Wata mata ce, 'yar garin nan."
Ta ce, "In ka gan ta, ka gaishe ta."

Ladan ya kira.
Ta miƙe, ta nemi buta da kanta,
ta kawo uku cif.