Wanda Ke Mutuwa Duk Talata

A Tromso, garin da rana ke yin yaji
wata biyu cur ba ta leƙo ba,
aikina in kashe mutum ɗaya
duk Talata da ƙarfe goma.

Na roba ne. Halvard muke ce masa.
Yana ƙifta ido, ƙirjinsa na hawa da sauka,
jijiyar wuyansa na bugawa in na ce ta buga.
Ina bayan gilashi da shayin da ya huce,
muryata ke fita ta bakinsa:
"Likita, numfashi ya ƙi."

Shekara talatin na yi jinya
a ɗakin rai kwakwai mutu kwakwai,
kafin gwiwa ta ce in zauna.
Na san yadda mutum ke sulalewa,
ba kururuwa, ba sallama.

Sabbin likitoci na shigowa uku-uku.
Akwai Aslak, mai dogon wuya,
ya haddace littafi har da lambar shafi.
Na rage ƙarfin jinin Halvard kaɗan-kaɗan
kamar tulun da ya tsage ta gindi.
Yaro ya kafe ido a allo,
hannu biyu cikin aljihu.
"A ba da magani!" in ji shi. Ga iska ya faɗa.
Ba sunan kowa, ba adadi,
kowa ya ɗauka da wani ake.
Minti shida. Na danna.
Layin ya miƙe, na'ura ta ja kuka.

Dakta Ingunn ba ta faɗa.
Kujeru take jawowa a yi da'ira,
ta fara da nata kuskuren:
wani dare, wata tsohuwa, allurar da ta makara.
Sannan ta ce, "Aslak, me kake gani a lokacin?
Me ya hana ka taɓa shi?"
Sai ta yi shiru.
Shirun nan ya fi bulala shiga jiki,
amma ba ya barin tabo.

"Kira sunan mutum. Faɗi adadi.
Jira ya maimaita maka.
Hannu kafin allo:
fata na yin sanyi tun lamba ba ta sani ba."

A sake.
Na tayar da Halvard, na sake kwantar da shi.
Bututu ya bi hanyar abinci, a zare.
A sake.
Sau tara ya mutu kafin azahar,
bai riƙe kowa a zuci ba.
Yau da gobe, an ce, ka sa allura ginin rijiya.

Da yamma wata 'yar wasan kwaikwayo, Ragnfrid,
kan zo da jakar saƙa ta zama matarsa.
Aslak ya yi ta kewaye-kewaye:
"Mun yi iya ƙoƙari... al'amarin ya yi nauyi..."
Ingunn ta ɗaga yatsa.
"Zauna tukuna. Daidaita idonka da nata.
Faɗi kalmar. Ya rasu.
Kada ka cika shirun da turancin asibiti,
nata ne."

Ranar da rana ta dawo,
ta leƙo bayan dutse kamar mai jin kunya,
ya shigo daga aikin dare, ido ja.
An kawo masunci, in ji shi, ƙarfe uku,
jiki kamar kifin da ya kamo.
"Na ce, Tordis, kaza, yanzu.
Ta maimaita mini."

"Ya rayu?"
"Har yanzu dai yana nan."

Ya kama wuyan hannun Halvard
ya daɗe yana lalube, ba bugu,
don ban kunna shi ba.
Ban ce komai ba.
Wata rana ni ce kan gadon can na sama,
ba wanda zai danna a sake.

Na goge leɓen robar, na jona shi a wuta.
Jibi Talata.