Hanci Kafin Ido

Ruwan Agusta ya yi kwana tara a Kumo,
garken Kawu Barau ya koma kunun laka.
Mai baƙin kunne ce ta fara ɗage ƙafa,
tana ajiye ta kamar mai taka garwashi.

"Ƙaya ce," in ji Kawu, ko sunkuyawa bai yi ba.
"Jibi za ta ware."
Jibi ya zo ya tarar da uku.
Mako ya zagayo, bakwai na kiwo a durƙushe,
gwiwa a taɓo, baki a ciyawa,
kamar masu ba ƙasa haƙuri
alhali ita ta cuce su.

Maƙwabta kowa da nasa.
Gambo ya ce baƙin man inji, a shafa da gashin kaza.
Malam Iro ya ce bakin mutane ne,
garken ya cika yin kyau bara.
Kawu dai ya wasa aska a dutse,
ya fere kofato har ja ya ɓullo,
ya ce mugun jinin ke nan ya fita.
Toka, tsumma, a bar wa Allah.

Ran Laraba Rifkatu ta zo a kan babur,
malamar dabbobi, 'yar Billiri.
Ta kwantar da tunkiya, ta buɗe tsagin kofato da yatsa,
ta kai hanci.
"Ruɓa ce, Baba. Hanci ke riga ido ganinta.
A ware marasa lafiya, a kai su tudu.
Askar nan a mai da ita kube,
yanka ƙofa yake buɗe wa cutar.
Ga allura, ga ruwan magani su tsaya a ciki."

Kawu ya yi yaƙe.
"Ina kiwo tun ba a raɗa wa uwarki suna ba,
ban taɓa shinshinar ƙafar dabba ba.
Kuɗin allurarki kuwa buhun dusa ne."

Inna Dije ba ta ce uffan ba.
Nata biyu suna bayan rumbu, kan tsakuwa,
tana share musu kashi safe da yamma.
Takwas ɗin ƙafafunsu duk suna taka ƙasa,
ba wanda ya tambaye ta dalili.

Ran kasuwa ya zaɓi ragon da ɗingishinsa bai tona ba,
ya wanke masa ƙafa tas, ya ja shi kara.
Dillalin tsoho ne, sa'ansa.
Bai duba haƙori ba, bai latsa gadon baya ba,
sai ya tattare babbar riga, ya durƙusa a bainar jama'a,
ya ɗaga ƙafar baya, ya shaƙa,
ya saki.
"Allah ya kawo kasuwa, Barau."
Ya goge hannu a turke.

Bayan isha'i ni na riƙe masa tocila.
Ya kama mai baƙin kunne, wadda ta rame har ƙashi,
ya kwance tsumman da hannunsa,
ya waiga hagu, ya waiga dama,
ya sunkuya.
Ya daɗe a can.

"Lambar yarinyar nan tana wayarka?"
Na ce tana nan.
"To. Kar ka ce ni na ce.
Gobe kuma a tayar da shingen, a kai bayan rumbu."

Daga ɗaki muka ji Inna Dije ta yi tari,
irin tarin da ba na mura ba.