Awon Tela

Shekara talatin ina auna mutane a Rafindaɗi,
ƙugu, kafaɗa, tsawon hannu.
Na san cikin kowa a unguwar nan,
na san wanda ya samu, na san wanda kasuwa ta juya wa baya.
Nawa cikin kaɗai ban taɓa zagaya wa tef ba,
sai ran da zare ya ƙi shiga allura,
ƙeya ta yi nauyi kamar an aza mini dutsen niƙa.

Yarinyar asibiti, sa'ar 'yata Sahura,
ta naɗe mini damtse, ta matsa, ta duba, ta yi shiru.
Ta ce, "Baba Ɗalha, me kake ci?"
Na ce, "Abin da Allah ya hore."
Ta ce, "Haka ne. Amma gishirin, hannun wa ke zubawa?"

Ban yi rantsuwa ba, na san halina.
Mai yanka yadi da gaggawa shi ke biyan mai kaya.

Na fara daga teburin Tanimu mai shayi.
Ƙwaya biyar nake jefa wa kofi,
na ce huɗu.
Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.
Wata ya kama, na ce uku.
Bayan layya, biyu.
Yau ɗaya ce tal,
ashe citta tana da magana,
ashe kanumfari yana da murya,
sukari ne ya toshe musu baki tuntuni.

A gida aka fi jan daga.
Lantana ta ce tukunyarta ba ta san ƙasa da dunƙule shida ba,
kuma ba a koya wa tsohuwar hannu tuƙi.
Na bi ta 'Yar Kutungu, na sayo daddawar kalwa,
baƙa, mai warin gaskiya,
na ajiye kan turmi, ban ce uffan ba.
Daren nan miyar kuka ta yi ƙamshin ɗakin kakata a Batagarawa.
Muka ci shiru.
Ita ma, ina jin, ta tuna wani.

Lemon kwalba na azahar, tsohon abokin kekena,
mun rabu ba faɗa.
Randa na nan bakin shago da moɗarta.
In rana ta take, zoɓo da tsaminsa,
in baki ya nemi aiki, goriba,
ita ba ta ƙarewa da wuri, sai ka yi haƙuri da ita.

Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi,
gurbin rabin kwaɗon zogale ya zauna,
wata rana rama da ƙuli.
Tuwon dare ya matso kusa da magariba,
bayan isha na taka har Ƙofar Guga in dawo,
ina gaisawa da rigunan da na ɗinka.

Kada in yi muku ƙarya.
Ran sunan jikan Mamuda mai kaba
na ci soyayyen rago har maiƙo ya kai gwiwar hannu,
na kora da kwalba biyu masu sanyi.
Da safe kunya ta riga ni zuwa wurin Tanimu.
Na ce, "Ɗaya."
Ɗinki in ya karkace warware shi ake yi,
ba a yar da riga.

Jiya na ɗauko wani wando ruwan toka,
na farke ƙugun, na cinye inci biyu.
Ɗan'asabe, yaron shago, ya ce, "Na wa ne wannan?
Ban ga sunansa a littafi ba."

Na ciji zare, na ce,
"Na wani bawan Allah ne.
Shekara talatin yana zuwa,
ina ce masa ya dawo gobe."