Baƙo a Ƙofar Jirgi

Takardar lasisi na aljihuna, tawadarta ba ta gama bushewa ba,
na iso filin jirgin Damagaram kafin masu ƙosai su hura wuta.
Kiyari na zaune bisa tabarma yana naɗe laima,
yatsunsa na bin igiyoyi kamar mai jan carbi.
Bai ko dubi takardar ba.
"Sau nawa ka diro?"
Harshena ya so ya ce hamsin.
"Ashirin da takwas," na ce.
"Madalla. Da ka ƙara, da sama ta rage maka."

Mu huɗu ne: shi, da Fanna mai dira dubu da ɗoriya,
da Tsahiru da ba ya magana sai ya sha shayi, sannan ni.
A inuwar bedi muka gwada abin a ƙasa,
sunkuyo, juyi, kama hannu, saki.
Yaran Garin Malam a bayan waya suna ta dariya:
manya huɗu na rawa ba makaɗi.

"Kada ka taɓa kayan wani sai ya ce taɓa.
Naka kuwa, juyo da baya a duba maka,
ido ba ya ganin ƙeyar mai shi."
Fanna ta leƙa ƙusar jakata,
ta buga kafaɗata sau biyu. Shi ke nan.

Cikin jirgi gwiwa na gogar gwiwa.
Tambayoyi goma suka taru a maƙogwarona, na haɗiye su,
lokacinsu ya wuce tun a ƙasa.
Ta taga na ga duwatsun Birni sun koma ƙwayoyin gujjiya,
Kasuwar Dole tafin hannu,
hanyar Mirya zare guda da aka yar cikin gonar gero.

Ƙofa ta buɗe.
Iska ta kwashe sunana ta tafi da shi.

Sun riga ni, su uku, sun zauna bisa iska
kamar masu hira a dakali.
An gaya mini: taho sannu, kamar mai shiga zauren surukai,
sallama tukuna, sannan hannu.
Amma zumuɗi ya fi ni nauyi.
Na faɗo musu kamar tulu daga bayan jaki,
na doki ƙafar Fanna, da'irar ta watse,
sama da ƙasa suka yi musayar wuri har sau biyu.

Da na daidaita, allurar awon tsawo ta ce lokaci ya yi.
Wannan kam ban manta ba:
juya, nisanta, dubi bisa, dubi gefe,
kaɗa hannu, sannan ja.
Laima ta buɗe da ƙarar zanen da aka kakkaɓe a igiyar shanya.
Na hango Tsahiru ƙasa da ni, na kauce,
na ƙasa shi ke da hanya.
Inda na farko ya fuskanta, can muka fuskanta duka, kamar sahun salla.

Ƙarangiya ta cika mini wando.
Tun ina sama na tanadi uzuri:
iska ce, rana ce a ido, rigar aro ce.
Kiyari ya ɗaga buta, ya tsiyayo shayi daga nesa, kumfa ta tashi.
"Me ka gani?"
Na dubi Fanna tana murza idon sawunta.
Uzurin ya narke a bakina kamar sukarin da ke ƙasan kofi.
"Gaggawa na yi. Ni ne."

Ba wanda ya ce ba komai, don da komai.
"Hannunka ya riga idonka isowa," in ji Fanna,
"ka bar ido ya fara yin sallama."
Tsahiru ya kurɓi shayi, ya yi maganarsa ta farko a ranar:
"Sabon shiga shi ke sayen kilishi."

Na dawo daga bakin titi da ƙunshi mai ɗumi a hannu,
mai na ratsa takarda.
A jikin allo, ƙarƙashin jirgin la'asar,
sunaye uku, da na huɗu a karkace,
da allin Kiyari da ya kusa ƙarewa:
Ilu.