Faratan Omana

A Kollam, tun hankaka bai yi kuka ba,
Omana, mahaifiyata, na gaban tulin yazawa,
ta shafe tafinta da toka,
ta ɗauki guntun icen fasa ƙwallo.

Shekara talatin da ɗaya.
Man ɓawon nan ba ya wasa:
ya ci fata, ya kutsa ƙarƙashin farce,
da yamma sabulu ya ƙarasa aikin.
Jiƙa, bushe, jiƙa, bushe,
ko katakon kwalekwale sai ya dare.

Yanzu faratan na ɓarewa kamar albasa.
Jiya ɗaya ya kama zaren sari,
ya tsage har tsoka.
Ko uffan. Ta dai sa yatsan a baki.

Malamar asibiti ta duba cikin idonta,
ta ce, "Jini ya yi ƙasa.
Ci zogale, ci kifi, ga ƙwayar ƙarin jini,
ki riƙa sa safar hannu."
Ta yi dariya: "Da safa, kilo nawa zan fasa?"

Da dare hannun nawa ne.
In ɗumama man kwakwa a cokali,
in rage tsawon, in goge bakin a hankali,
in murza man har gindi.
Tun a na shida take gyangyaɗi.

An ce sai wata shida farce ke sabunta.
Ina kallon ɗan farin jinjirin watan nan
a gindin babban yatsa, ina ƙirga.

Da su aka biya kuɗin makarantata.
Ba mu taɓa zancen ba.