Tsattsewa Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ranar da aka sauke ta farko a Jega
ban ji zuwanta ba.
Ni da nake gane ciwon mota tun tana kan gada,
in ce wannan fulogi ne, wancan zobe ya cinye,
sai ga ta a bayana kamar mai bin bashi,
shiru, koriya shar.

Tsattsewa aka raɗa mata.
Uba biyu gare ta:
ɗaya can ƙetaren teku, inda rana ke riga mu tashi,
ɗaya namu, attajirin shinkafa,
wanda ya ba da fili da rumfar kwano a hanyar Birni.
Suka sa hannu, aka tafa.
Wancan ya kawo batir da ƙwaƙwalwa,
namu ya kawo mu.

Mu ashirin da bakwai, cikin shuɗin kaya.
Nomau na ɗaura tayoyi,
Kulu Tela na ɗinka rigar kujera,
ni ina bin jijiyoyi, ja da baƙi da ruwan ɗorawa.
Watan farko Tumba ta sansana hannuna
ta ce, "Ina warin baƙin mai?
Ko korar ka anka yi, kana ɓoye man?"

Awaki ba su kauce mata,
sai da muka ɗaura mata ƙararrawar keke.
Da wuta ta kwana tara ba ta leƙo ba
muka tada janareto muka shayar da ita,
hayaƙi na turnuƙe mu, ita tana tsotso a ladabce.
Nomau ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Sittin da uku muka haɗa.

Ban san abin da ya shiga tsakanin iyayenta ba.
Wasu sun ce dala ce ta hau,
wasu sun ce rabon riba, tun ba a ga ƙeyar ribar ba.
Ni dai na ga kwantena ta daina zuwa,
baƙin injiniyoyi biyu suka tafi hutun mako uku
suka bar takalman aikinsu a ƙofar ofis.
Akuyar tarayya ce,
kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya zuba mata dusa.
Damina biyu, ko ta uku ba ta sha ba.

Allon gabanta ya koma harshen gidansu.
Kullum safe sai ta rubuta wani abu da ja,
ba mai iya karantawa.
Malamin makaranta ya ce ƙila tana neman gyara.
Kulu ta ce uwarta take kira.

Yanzu buhunan shanshera ne a rumfar.
Ni aka biya ni albashin wata huɗu da ta arba'in da ɗaya,
ga ta nan ƙarƙashin dogon yaro.
Na ciro zuciyarta na haɗa da farantin rana,
da ita 'yata ke karatu har sha ɗayan dare.
Gangar jikin kuwa, albasar Aliero ke kwana a ciki,
tsuntsuwar da ke goshinta fiffike ɗaya ya ɓalle.

Wani dare nakan ture albasa in zauna,
in riƙe sitiyari, in kasa kunne
irin na wanda ya ci abinci da kunnensa shekara talatin.
Shiru.
To, da ranta ma haka take,
shi ya sa har yau na kasa cewa ta mutu.