Taki Talatin

Babana Nomau na Jiratawa
ba a kiransa a tsakar jama'a.
Sai an ja shi bayan masallaci
a sassauta murya kamar mai neman bashi:
"Ta gidana ta cika." Ya ce, "To, jibi."

Ni ke riƙe igiya, ni ke jan guga,
tun ban kai tsawon ƙotar diga ba.
Kafin ya sari ƙasa sai ya je bakin rijiya,
ya ba ta baya, ya soma ƙirga,
ɗaya, biyu, har taki talatin,
ta wajen gangare, ba ta tudu ba.
Ya ce, "Tsahiru, ƙasa ba ta riƙe asiri.
Abin da ka raɗa mata da rani,
da damina rijiya za ta ji."

Tamu jigawa ce, rairayi marar alkawari,
ka haƙa gaba biyu, ya biyo ka ciki.
Don haka yake jera bulo a kewaye,
na ƙasa da ƴan tagogi, ruwa ya tsiyaye,
na sama a liƙe da siminti.
Murfi a kai, sai dogon tiyo baƙi
da raga a baki, kada ƙuda ya fita yawo.
Ranar yasa kuwa, fitila ce ke fara sauka.
In ta mutu, mu koma gindin bedi
mu jira rami ya gama numfashi.
Abin da guga ke fitowa da shi!
Leda, tsumma, kwalbar turare,
rannan har da cokalin da aka doki yaro a kansa.

Alhaji Barmo mai awon gujiya
ya ce taki talatin ɓarnar fili ce.
Ya nuna da tsinin takalmi: "Haƙa nan."
Taki tara. Baba ya saɓa digarsa,
ya ce, "Kuɗinka da kyau, amma a'a."
Daren nan fura muka sha ba nono,
Inna ba ta ce masa uffan ba har safiya.
Wani ya zo daga birni bisa babur,
ya haƙa inda aka nuna, jika arba'in.

Damina biyu. A ta ukun gulbi ya kawo,
ya haye fadama, ya kwana a gonaki.
Ruwan rijiyar Alhaji ya sake ɗanɗano.
Jikoki huɗu a amalanke zuwa likita,
uku suka dawo washegari.
Ta huɗun, Barira, sai da ta sha leda bakwai
kafin ta buɗe ido ta nemi kunu.

Da asuba muka ji sallama.
Mutumin da bai taɓa ba Baba hannu ba
ya miƙo duka biyu.
Baba ya dubi nasa, ya shafa a riga, ya karɓa.
Bai ce "na faɗa maka" ba.
Ya ce, "Akwai toka a gidan?"

Muka cike tsohon rami da toka da ƙasa,
muka yashe rijiya sau uku,
muka ƙirga, wannan karon da ƙafar Alhaji.

Yanzu gwiwar Baba ta ƙi,
ni ake ja bayan masallaci.
Inda ramin nan yake, zogala ta fito,
ta fi ta lambu kore, ta wuce katanga.
Taki ne ƙarƙashinta, Baba ya ce,
wancan na ƙafa, wannan na ciki.
Barira ke tsinka, ta kwaɗanta da ƙuli,
ta kai tasha ranar kasuwa.
Kan azahar kwano ya ƙare.
Babu wanda ya taɓa tambaya.